Daga Ƙirgar Wuri zuwa Kalkulas: Tarihin Lissafi da Ilimin Tattalin Arziki a Tamale da Kewayenta

Ɗalibin da ya shiga babbar sakandare a Tamale yakan tarar da lissafi iri biyu suna jiransa. Akwai na dole, wanda kowa ke yi ko yana so ko ba ya so. Akwai kuma na zaɓi, wanda a cikinsa ne ake fara ɗanɗana kalkulas da aljabara mai zurfi. Wanda ya ɗauki fannin nazarin zamantakewa yana iya haɗa tattalin arziki da labarin ƙasa da tarihi da nazarin gwamnati, ya bar lissafin zaɓi, kuma ya ci jarrabawarsa lafiya lau. Sai bayan shekara bakwai ko takwas, ranar da ya nemi gurbin digirin digirgir a ilimin tattalin arziki, sannan zai tarar cewa abin da masu tantancewa ke fara dubawa a takardunsa shi ne darussan lissafin da ya yi da sakamakon da ya samu a cikinsu. Zaɓin da ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar shi ne ya dawo yana bin sa bashi.

Wannan hali yana da tarihi, kuma tarihin nan rassa biyu ne suka haɗu. Reshe ɗaya na ƙasar ce kanta, wato yadda aka yi lissafi a kasuwa da zaure kafin zuwan Turawa, da yadda makarantar boko ta makara a arewacin Gana. Ɗaya reshen kuwa na ilimin tattalin arziki ne, wanda ya sauya harshe a tsakiyar ƙarni na 20.

Lissafin fatake

Tamale gari ne na Dagwamba, kuma Dagwambanci ne harshen gida. Hausa ta shigo ne ta hanyar zango da kasuwa, a bayan ayarin fataken Gwanja. Kafin Tamale ta yi suna, Salaga ce cibiya: nan goron Asante ke haɗuwa da kanwa da tufafi da fatu da dabbobin da suka fito daga Kano da Katsina da Sakkwato. Tafiyar takan ɗauki watanni, kuma madugun da ke jagorantar ayari tilas ya riƙe lissafin guzuri da kuɗin fito da garamar da sarakunan hanya ke karɓa, ban da asarar goron da zai lalace kafin a iso gida.

Kuɗin zamanin wuri ne, kuma ƙirga shi sana'a ce mai zaman kanta. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ga yadda ake yi a Tasawa a 1851: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara shi tsibi-tsibi na metan ko na dubu. Harshen Hausa ya adana sawun wannan aiki. Hauya ashirin ce, zambar dubu ce, keso kuwa wuri dubu ashirin. Goro ma da nasa ma'auni, domin ƙwarya guda goro ɗari ne. Mai nazarin harshe zai lura cewa a ƙidayar Hausa tsarin gida da na aro sun zauna tare: gomiya biyu da gomiya uku a gefe guda, ashirin da talatin da arba'in na Larabci a ɗaya gefen, har zuwa metan da arbaminya da hamsaminya da alif da alfyan. Akwai kuma ƙidaya ta ragi, irin su ashirin babu ɗaya, ko metan gaira ashirin. Wanda ya tashi da irin wannan ƙidaya ba baƙon lissafin ka ba ne.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante, amma hanyar goro ta fara kauce mata. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangunan ƙasar. Daga cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Tun yana matashi ya wallafa littafi kan yadda ake rubuta wasiƙu, abin da ke nuna cewa fataucin nan da alƙalami ake yin sa, ba da baki kaɗai ba.

Lissafin zaure

A zauren malamai, hisabi ya zauna ne a ƙarƙashin inuwar fiƙihu, musamman babin rabon gado. Almajirin da ya kai wannan babi a Risala dole ya iya sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, ya kuma nemo adadin da dukkansu za su rabu a cikinsa ba tare da saura ba. A ɗauki matar da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. In aka kafa mas'alar a kan shida, miji ya ɗauki uku, su su ɗauki huɗu, jimla bakwai ke nan, alhali shida ake da su. Maganin da malamai suka bi shi ne auli: a mayar da asalin rabon bakwai, kowa ya ragu gwargwadon kasonsa. Wannan tambaya ce ta yadda za a raba abin da bai kai yawan haƙƙoƙin da ke kansa ba, kuma masana tattalin arziki na zamani sun rubuta muƙalu masu yawa a kan irinta, dangane da rabon dukiyar wanda ya karye da bashi.

Akwai kuma ilimin aufaƙi, wato hatimi. Mafi shahara a wannan fanni daga ƙasar Hausa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafinsa kan hatimai masu gidaje mara a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, a gidan mahaifin masanin tarihin nan al-Jabarti. Hatimi mai gida uku-uku, wanda kowane layinsa ke ba da goma sha biyar, kowa na iya haddace shi. Abin da ya ɗaga darajar aikin al-Kashinawi shi ne ya ba da ƙa'idar da za ta gina hatimin ko mai gida biyar-biyar ne, ko bakwai-bakwai, ko fiye. Tazarar da ke tsakanin haddace amsa da riƙe ƙa'ida ita ce dai tazarar da ɗalibin yau zai tsallaka in ya tashi daga lissafin dole zuwa na jami'a. Sai dai ba daidai ba ne a ce hisabin zaure ya kai ga kalkulas. Bai kai ba, kuma ba can ya nufa ba.

Boko ya zo a makare

Ingilishi sun mayar da hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, suka buɗe makarantar gwamnati ta farko a garin a 1909. Limaman Katolika sun riga sun sauka a Navrongo tun 1906. Amma gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki arewa a matsayin rumbun leburori, inda za a ɗebo majiya ƙarfi zuwa ma'adinan zinariya da gonakin koko da aikin soja da na 'yan sanda. Ilimin da aka yarda a bayar ɗan kaɗan ne, daidai wanda zai samar da magatakarda da 'ya'yan sarakunan da za su iya karanta takardar Joji. Lambobi biyu sun isa su nuna girman giɓin: makarantar Mfantsipim ta Cape Coast an kafa ta a 1876, ita kuwa sakandaren gwamnati ta Tamale, ta farko a arewa baki ɗaya, sai a 1951. Shekara 75 ke tsakani. Kwalejin jami'a ta Gold Coast ma, wadda aka buɗe a 1948, ta riga ta da shekara uku. Wato an buɗe jami'a a ƙasar alhali arewa ba ta da sakandaren da za ta aika mata ɗalibi.

Gwamnatin Kwame Nkrumah ta yi ƙoƙarin cike giɓin da tallafin karatu na musamman ga 'yan arewa, kuma an ga amfaninsa. Amma lissafi ba kamar sauran darussa ba ne wajen saurin farfaɗowa. Gini ne da ake ɗora tubali bisa tubali, kuma yana buƙatar malamin da shi ma wani ya koya masa da kyau. Yankin da ya rasa zuriya biyu ko uku ta malaman lissafi ba ya mayar da su da gina azuzuwa kawai.

Yadda fannin ya sauya harshe

A daidai lokacin da Tamale ke samun sakandarenta ta farko, ilimin tattalin arziki yana sauya kama a Turai da Amurka. An daɗe da fara gwada lissafi a cikinsa: Cournot a Faransa a 1838, Walras a 1874. Amma Alfred Marshall na Kambirij, wanda shi kansa gwanin lissafi ne, ya tura lissafinsa zuwa ƙarshen littafinsa na 1890, domin ɗan kasuwa ma ya iya karantawa. Wannan ladabi bai daɗe ba. An kafa ƙungiyar masu awon tattalin arziki da ƙididdiga a 1930. A 1947 Paul Samuelson ya nuna cewa yawancin tambayoyin fannin suna da siffa ɗaya: mutum ko kamfani yana neman mafi kyawun abin da zai samu a cikin iyakar abin da yake da shi. Wannan kuwa aikin kalkulas ne. A 1954 Kenneth Arrow da Gérard Debreu suka kafa hujjar cewa, a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa, akwai jerin farashin da zai daidaita dukkan kasuwanni a lokaci guda. Hujjar ta dogara ne da sakamakon lissafi tsantsa, irin wanda Bajapane Kakutani ya tabbatar a 1941. Daga nan ne darasin analisis, wato binciken tushen kalkulas ta hanyar kafa hujja, ya zama mizanin da ake auna mai neman digirin digirgir da shi. Da aka fara ba da kyautar Nobel a wannan fanni a 1969, Ragnar Frisch da Jan Tinbergen ne suka karɓa, dukansu masu awo da lissafi.

Ba kowa ya ji daɗin sauyin ba, har a cikin gida. A wani bincike da David Colander da Arjo Klamer suka wallafa a 1987, sun tambayi ɗaliban digirin digirgir na manyan jami'o'in Amurka abin da ke kai mutum ga nasara. Kashi 57 cikin ɗari suka ce ƙwarewa a lissafi tana da matuƙar muhimmanci. Waɗanda suka faɗi haka game da sanin tattalin arzikin ƙasa ciki da waje kashi 3 ne kacal.

Masana biyu da Gana ta sani

Abin lura shi ne, manyan masana biyu da suka fi tasiri a kan yadda aka fahimci tattalin arzikin Gana ba da lissafi mai nauyi suka yi suna ba. W. Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia, ya rubuta wa gwamnatin Gold Coast rahoto kan kafa masana'antu a 1953, inda ya ce a fara da gyara noman abinci. Ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, suka saɓa, ya bar aikin a ƙarshen 1958. Muƙalarsa ta 1954, kan ƙasar da ke da leburori fiye da buƙata waɗanda ke kwarara daga karkara zuwa sashen zamani a kan lada kaɗan, kusan duk da zance aka rubuta ta, da 'yan zane-zane. Duk wanda ya ga matasan arewa suna gangarawa kudu neman aikin koko zai gane hoton. Ita ce ginshiƙin aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1979.

Ta biyu ita ce Polly Hill, 'yar 'yar'uwar John Maynard Keynes. Ta bi manoman koko gona-gona, ta nuna a littafinta na 1963 cewa 'yan jari-hujja ne masu sayen ƙasa da dabara. Ta yi nazarin tsarin maigida da dillali a kasuwar shanu ta Kumasi. Daga baya ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fitar da littafi kan karkarar Hausa a 1972. Makaminta tambaya ce da awon gona da haƙurin zama da mutane, kuma ta yi kaurin suna wajen sukar masanan da ke gina nazari a kan alƙaluman da ba su san yadda aka tattara su ba. Da wuya a ce ta yi kuskure. Sai dai da wuya kuma a ce takardunta, ko na Lewis, za su wuce tantancewar shiga digirin digirgir a yau ba tare da an tambayi ina darussan lissafi ba.

Daga ƙauyukan Zariya zuwa gonakin Dagwamba

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne aikin Christopher Udry, Ba'amurken da ya koyar a sakandare a Gana kafin ya shiga digirin digirgir a Yale. A 1988 zuwa 1989 ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana bin sawun rancen da manoma ke ba juna. Ya tarar rance ne tsakanin waɗanda suka san juna, ba takarda, ba jingina a mafi yawan lokaci. Abin da ya fi jan hankali shi ne, abin da ake biya yana sauyawa da halin da ɓangarorin biyu suka shiga. In ambaliya ko ciwo ya sami wanda ya ci bashi, sai ya biya ƙasa da yadda aka zata, ko a ɗaga masa. In mai ba da bashin ne masifa ta samu, sai a biya shi da wuri, har da ƙari. Ashe rancen inshora ce a cikin rigar bashi.

Kowane dattijo a ƙauyukan nan ya san haka, kuma da an tambaye shi zai ce zumunci ne. Abin da lissafi ya ƙara shi ne iya tambayar ko wannan zumunci ya kai ga raba asara baki ɗaya tsakanin mutanen gari, ko kuwa wani ɓangare kawai yake ɗaukewa. Amsa wannan tana buƙatar a rubuta yadda cikakken rabon asara zai kasance in da akwai shi, sannan a gwada shi da alƙaluman da aka tara. Sakamakon ya nuna rabon yana da yawa, amma bai cika ba. Matakin farko kalkulas ne da ilimin yiwuwa, na biyu kuwa ƙididdiga ce da aljabarar jadawali.

Shekara ashirin bayan haka, daga 2009, Udry da Dean Karlan tare da Robert Osei da Isaac Osei-Akoto na Jami'ar Gana da ke Legon suka gudanar da gwaji a tsakanin manoman masara na arewacin Gana. Yankin Tamale damina ɗaya gare shi a shekara, saboda haka in ruwa ya ƙi, shekarar ta tafi. Tambayar ita ce: me ke hana manomi zuba jari a gonarsa, rashin kuɗi ko tsoron asara? Aka raba manoma ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka ba su kuɗi a hannu, wasu inshorar da ke biya in ruwan sama ya gaza ko ya yi yawa, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai ba domin a gwada da su. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa masu inshora ne suka fi faɗaɗa noma da kashe kuɗi a gona, har suka nemo kuɗin da kansu. Kuɗin hannu kaɗai bai yi irin wannan tasiri ba. Shekaru da dama hukumomi suna ɗauka cewa bashi manomin arewa ke buƙata, sai ga shi abin da ya fi ɗaure masa hannu fargabar fari ce. Ƙuri'ar nan ita ce zuciyar gwajin, kuma dalilin da ya sa take ba da damar a ce wannan ne ya haifar da wancan darasi ne na ilimin yiwuwa.

Jami'a a gida

Arewa ta sami jami'arta a 1992, lokacin da gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa mai hedikwata a Tamale. Ɗaliban farko sun fara a Nyankpala a 1993, a tsangayar aikin gona, kuma shugabanta na farko shi ne Farfesa R. B. Bening, wanda shi ne ya rubuta tarihin ilimin boko a arewacin Gana. Jami'ar ta zo da tsarin da Polly Hill za ta yi na'am da shi: zango na uku na shekarar karatu ɗalibai kan tafi ƙauyuka su zauna, su tattara bayanai a kan rayuwar mutane. Amma an rarraba tsangayoyinta a garuruwa, domin kowane yanki ya sami rabonsa. Da tafiya ta yi tafiya, lissafi da kimiyya suka zauna a Navrongo, nazarin raya ƙasa da kasuwanci a Wa, tattalin arzikin noma a Nyankpala. Hikimar siyasa a bayyane take. Illarta ga mai son haɗa fannonin biyu ita ma a bayyane take, domin tsakanin ajin tattalin arziki da ajin aljabara akwai tafiyar sa'o'i a mota. Dokokin 2019 sun mayar da rassan Navrongo da Wa jami'o'i masu cin gashin kansu.

Kafin wannan, ɗan Tamale mai wannan buri waje yake fita. Mahamudu Bawumia, wanda aka haifa a garin a 1963 kuma ya yi sakandaren Tamale, ya yi digirin farko a Buckingham, na biyu a Oxford, sannan digirin digirgir a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada a 1995, kafin ya zama mataimakin gwamnan Babban Bankin Gana, daga baya mataimakin shugaban ƙasa. A nahiyar kuma an buɗe wasu ƙofofi. Gamayyar binciken tattalin arziki ta Afirka, wadda aka kafa a Nairobi a 1988, ta fara shirin digiri na biyu na haɗin gwiwa a 1993, da na digirin digirgir a 2002, kuma dabarun lissafi da ƙididdiga na cikin darussan dole nata. A 2012 aka buɗe reshen Gana na Cibiyar Kimiyyar Lissafi ta Afirka a Biriwa, da ƙoƙarin Farfesa Francis Allotey.

Darussan da ake nema a duk waɗannan wurare kusan ɗaya ne, kuma kowanne yana da dalilinsa a tarihin da ya gabata. Kalkulas mai canji da yawa gadon Samuelson ne. Aljabarar jadawali da ilimin yiwuwa da ƙididdiga su ne kayan aikin irin binciken Zariya da na gonakin Dagwamba, kuma ga wanda zai yi aiki a kan noma ko talauci ko lafiya, su ne zai riƙa taɓawa kullum. Analisis gadon Arrow da Debreu ne. Ba kasafai mai binciken karkara ke amfani da sakamakonsa kai tsaye ba, amma shekarar farko ta digirin digirgir da harshensa ake koyar da ita, kuma masu tantancewa suna ɗaukar sakamako mai kyau a cikinsa a matsayin shaidar cewa ɗalibi ya iya bin hujja daga farko zuwa ƙarshe. Jerin yana da tsari, domin wanda ya yi tsalle zuwa analisis bai ƙware a kalkulas ba yakan fito da sakamakon da zai cuce shi fiye da rashin yin darasin. Yawancin jami'o'in Amurka suna shirya bitar lissafi ta 'yan makonni kafin a fara zangon farko, amma bita ce ga wanda ya taɓa gani, ana ratsa abin da ya ɗauki shekara biyu a cikin wata guda.

Tun daga Satumbar 2017 babbar sakandare ta zama kyauta a Gana, kuma azuzuwan Tamale sun cika fiye da da. A takardar zaɓen darussa kuwa, lissafin zaɓi yana cikin jerin da ɗalibin fannin zamantakewa zai iya ɗauka ko ya bari.